Yadda ake auna ƙarfin Marine Le Pen kafin zaɓen Faransa na 2027

Mai bin siyasar Faransa ta rediyo ko ta waya ya saba jin magana iri biyu a kan Marine Le Pen, jigo a jam'iyyar Rassemblement National (RN) da ta sha tsayawa takarar shugaban ƙasa. Wasu su ce mulki ya kusa shiga hannunta, wasu su ce har abada Faransawa ba za su miƙa mata fadar shugaban ƙasa ta Elysee ba. Kowane ɓangare yana da alƙaluman da yake kafa hujja da su, kuma ba ƙarya suke yi ba, sai dai kowa ya ɗauki abu ɗaya ne ya bar saura. Ɗan siyasa irinta, mai ra'ayin riƙau da ke cewa shi ne bakin talakan da manya suka manta, wanda masoya ke so kamar ransu wasu kuma ke gudunsa kamar wuta, ba a auna shi da yawan masoya kaɗai. Sai an ƙirga waɗanda suka rantse ba za su zaɓe shi ba, an kuma gano ko za su fito ranar zaɓe. Ga yadda ake wannan lissafi.

Fara da dokar zaɓe kafin ka saurari kowa

Farin jini iri ɗaya yana haifar da sakamako daban daga ƙasa zuwa ƙasa. A 2016 Donald Trump ya zama shugaban Amurka alhali abokiyar takararsa ta fi shi ƙuri'a kusan miliyan 3, saboda can wakilan jihohi ke yanke hukunci. A Birtaniya jam'iyyar Nigel Farage ta samu kashi 14 cikin ɗari a 2024 amma ta tashi da kujeru 5 cikin 650. A Holan, Geert Wilders ya zo na ɗaya a 2023 da kujeru 37 cikin 150, bai kuma zama firaminista ba, don abokan ƙawance sun ƙi yarda da shi a kujerar.

A Faransa zaɓen shugaban ƙasa zagaye biyu ne. Idan ba wanda ya haye rabin ƙuri'u a zagayen farko, biyun da ke kan gaba su sake karawa bayan mako biyu. Mutanen Nijar sun san wannan tsari ciki da waje: a 1993 Tandja Mamadou ne ya zo na ɗaya a zagayen farko, amma jam'iyyu suka haɗa kai suka mara wa Mahamane Ousmane baya, ya yi nasara a na biyu. Wannan shi ne ainihin ƙalubalen Le Pen. Zuwa na ɗaya a zagayen farko yana ba ta tikitin shiga fage ne kawai.

Tabbatar da sunan wanda zai hau takardar ƙuri'a

Ranar 31 ga Maris 2025 wata kotu a Faris ta samu Le Pen da laifin karkatar da kuɗin Majalisar Turai, waɗanda aka ware don biyan mataimakan 'yan majalisa, zuwa biyan ma'aikatan jam'iyya. Hukuncin ya haɗa da ɗaurin shekara 4 (biyu na jeka-ka-gyara-halinka, biyu a gida da na'urar sa ido a ƙafa), tarar yuro 100,000, da haramcin tsayawa takara na shekara 5 wanda aka ce ya fara aiki nan take. Ta musanta laifin, ta ɗaukaka ƙara. Saboda haka duk lissafin da za ka yi, ka yi shi gida biyu: ɗaya da sunanta, ɗaya da sunan Jordan Bardella, wanda aka haifa a 1995 kuma yake shugabantar jam'iyyar RN tun Nuwamba 2022. Kada ka ɗauka ƙuri'un ɗaya su ne na ɗayan daidai wa daida. Bardella ya fi karɓuwa a wajen wasu 'yan kasuwa da masu ra'ayin riƙau na gargajiya, ba ya kuma ɗauke da sunan gidan Le Pen, amma bai taɓa tsayawa takarar shugaban ƙasa ba, bai taɓa riƙe ma'aikata ko gari ba.

Akwai kuma sharaɗin sa hannun zaɓaɓɓun jami'ai 500, galibi magadan gari, daga aƙalla gundumomi 30. A da wannan ya sha wahalar da jam'iyyar, domin ana wallafa sunayen masu sa hannun. Yanzu da take da ɗimbin 'yan majalisa, matsalar ta ragu ƙwarai. Emmanuel Macron, wanda ya kayar da ita a 2017 da 2022, shi kuma ba zai tsaya ba, tsarin mulki ya hana wa'adi na uku a jere.

Ƙirga mutane, kada ka tsaya a kan kaso

Kaso cikin ɗari yana ruɗi, saboda ya dogara ne ga yawan waɗanda suka fito. Ɗauki takarda ka jera ƙuri'un da kansu. A 2012 Le Pen ta samu miliyan 6.4. A zagayen farko na 2017 miliyan 7.7, a na biyu miliyan 10.6, wato kashi 33.9. A 2022 miliyan 8.1 a zagayen farko, miliyan 13.3 a na biyu, kashi 41.5. Tazarar da ke tsakaninta da Macron ta sauko daga kusan miliyan 10 zuwa miliyan 5.5 cikin shekara biyar.

Sai ka ɗora zaɓen Majalisar Turai na Yuni 2024 a kai. Jerin 'yan takarar RN da Bardella ya jagoranta ya samu kashi 31.4, duniya ta ɗauka, har Macron ya rusa majalisar dokoki a daren. Amma masu zaɓe kimanin rabi ne kawai suka fito, kuma kashi 31.4 ɗin nan ƙuri'a miliyan 7.8 ne, bai ma kai abin da Le Pen ta samu a zagayen farko na 2022 ba. Inda aka ga ƙaruwa ta gaske shi ne mako uku bayan haka, a zagayen farko na zaɓen 'yan majalisa: masu zaɓe biyu bisa uku suka fito, RN da abokanta suka tara kusan miliyan 10.6. Wannan lamba ita ce tushen da za ka fara gini a kai.

Abin da ake buƙata a ɗaya gefen kuwa: masu rajista sun kai kimanin miliyan 49, sahihan ƙuri'u a zagaye na biyu na 2022 kuma miliyan 32 ne. Ke nan mai son cin zaɓe yana neman wajen miliyan 16. Daga 13.3 zuwa 16 akwai tafiya, amma ba ta kai nisan da ta riga ta yi daga 2012 ba.

Auna ƙarfin taron dangi

Nan ne aikin yake, kuma nan ne masu sharhi suka fi yin tuntuɓe. Faransawa suna da al'adar da suke kira front républicain: duk lokacin da ɗan jam'iyyar Le Pen ya kai zagaye na biyu, sauran jam'iyyu su ajiye gabarsu su yi masa taron dangi. A 2002, da mahaifinta Jean-Marie Le Pen ya ba da mamaki ya kai zagaye na biyu, shugaban ƙasa na lokacin Jacques Chirac ya kayar da shi da kashi 82. A zaɓen yankuna na 2015 jam'iyyar ta zo na ɗaya a yankuna shida a zagayen farko, ita kanta Marine ta haura kashi 40 a arewa, amma 'yan gurguzu suka janye wa Xavier Bertrand, ɗan takarar masu ra'ayin riƙau na gargajiya, jam'iyyar ta tashi ba yanki ko ɗaya.

Na baya-bayan nan shi ne na Yuli 2024. A zaɓen 'yan majalisa, duk wanda ya samu kashi 12.5 na masu rajista a mazaɓarsa yana iya shiga zagaye na biyu, kuma yawan fitowar jama'a ya sa mazaɓu fiye da 300 za su yi takarar mutum uku. Cikin kwana biyu 'yan takara sama da 200 suka janye don kada ƙuri'un adawa da RN su rabu. Sakamakon: RN da abokanta sun fi kowa ƙuri'a, amma suka zo na uku da kujeru 143 cikin 577, nesa da 289 da ake buƙata. Ka lura da abu biyu tare. Taron dangin ya yi aiki, amma kujerun jam'iyyar sun tashi daga 8 a 2017 zuwa 89 a 2022 zuwa wannan adadi. Katangar tana tsaye, tana kuma zaizayewa, aikinka shi ne gano saurin zaizayar.

Ga yadda ake lissafin. Rubuta ƙuri'un kowane ɗan takarar da ya faɗi a zagayen farko, ka raba su uku: masu komawa wajen Le Pen, masu komawa wajen abokin takararta, da masu zama a gida ko jefa farar ƙuri'a, wato wadda ba a zaɓi kowa a cikinta ba. Misalin 2022 ya isa. Jean-Luc Mélenchon, jagoran masu tsattsauran ra'ayin gurguzu, ya samu miliyan 7.7. Binciken ranar zaɓe ya nuna kimanin 4 cikin 10 na mutanensa sun zaɓi Macron, ƙasa da 2 cikin 10 sun zaɓi Le Pen, saura suka ƙaurace ko suka jefa farar ƙuri'a. Mutanen Éric Zemmour, wanda ya fi ta tsauri kuma ya samu kashi 7, kusan uku bisa huɗu wajenta suka koma.

Ƙa'idar da za ka riƙe ita ce: duk mutum ɗaya da ya bar abokin takararta ya zauna a gida ya rage tazara da ƙuri'a ɗaya, wanda kuwa ya sauya sheƙa zuwa wajenta ya rage da biyu. Tazarar miliyan 5.5 za ta iya gushewa idan mutum miliyan 2.75 suka sauya sheƙa, ko kuma miliyan 1.5 suka sauya, wasu miliyan 2.5 suka ce sun gaji da zaɓen wanda ba sa so don kawai su tare wadda suke tsoro. Rukuni na biyun nan shi ne ya fi cancantar sa ido. A 2022 mutum 28 cikin ɗari ba su fito zagaye na biyu ba, wasu kusan miliyan 3 kuma suka jefa farar ƙuri'a ko wadda ta lalace. Le Pen ba ta buƙatar waɗannan mutane su so ta. Idan suka daina tsoronta, ya wadatar da ita.

Daga nan sai tambayar da ta fi kowace nauyi: da wa za ta kara? Taron dangi yana ƙarfi ne idan abokin takarar mutum ne da kowane ɓangare zai iya haɗiya. Mai matsakaicin ra'ayi kamar tsohon firaminista Édouard Philippe, wanda ya bayyana aniyarsa tun 2024, zai iya jawo tsofaffi da masu ra'ayin riƙau na gargajiya, amma 'yan gurguzu da yawa za su yi masa kallon ci gaban mulkin Macron. Idan kuwa Mélenchon ne, lissafin ya juye, domin shi ma yana da ɗimbin masu gudunsa, har wasu za su iya yi masa taron dangin a maimakonta. Kada ka ɗauki wannan a matsayin abin da ba zai faru ba: a 2022 ƙuri'a kusan 420,000 ne kacal suka raba shi da zagaye na biyu. Don haka yawan 'yan takara a tsakiya da ɓangaren gurguzu, da yadda za su raba ƙuri'a, yana shafar makomarta fiye da duk wani gangami da za ta yi.

Karanta ƙuri'ar jin ra'ayi kamar mai sayen hatsi

Kada ka saya daga ganin bakin buhu. Kamfanoni irin su Ifop, Ipsos da Elabe sukan tambayi mutum 1,000 zuwa 2,000. Da mutum 1,000, kuskure yana iya kai maki 3 sama ko ƙasa, don haka 51 da 49 kunnen doki ne. Duba ranar da aka yi tambayoyin, ba ranar da aka buga labarin ba. Duba jerin sunayen da aka gwada, domin sa suna ɗaya ko cire shi yana motsa kowa. A tambayar zagaye na biyu kuma, nemi adadin waɗanda suka ƙi zaɓar kowa. Sau da yawa ana cire su kafin a fitar da kaso, alhali su ne masu yanke hukunci. Kwatanta sakamakon kamfani ɗaya da nasa na watannin baya, kada ka haɗa na wannan da na wancan ka ce an samu ƙaruwa.

Kuskuren yana zuwa ta fuska biyu. A zamanin mahaifinta mutane suna jin kunyar faɗin cewa shi za su zaɓa, shi ya sa masu binciken ba su hango abin da ya faru a 2002 ba. Yanzu kunyar ta ragu, har wani lokaci a zarce. A zaɓen yankuna na 2021 an yi hasashen RN za ta yi ƙarfi sosai, sai masu zaɓe biyu bisa uku suka ƙi fitowa, matasa da leburori da take dogaro da su suna cikin waɗanda suka fi zama a gida, ba ta ci yanki ba. A 2024 hasashen daren zagayen farko ya ba ta kujeru sama da 230, saboda an yi shi kafin a san wa zai janye. Sannan binciken da aka yi shekara guda kafin zaɓe bai cika tsayawa ba: a farkon 2016 kusan ba wanda ke lissafa Macron, wanda ya ci zaɓen 2017.

Duba taswira da shekarun masu zaɓe

Ƙarfin RN yana wuri biyu ne na asali. Akwai arewa da arewa maso gabas, tsoffin garuruwan haƙar kwal da masana'antun da suka rufe, inda mazaɓar Le Pen ta Hénin-Beaumont take. Akwai kuma gaɓar Bahar Rum a kudu, inda ɗan jam'iyyar, Louis Aliot, ya ci magajin garin Perpignan a 2020. A 2017 gundumomi biyu kacal ta ci a zagaye na biyu, Aisne da Pas-de-Calais. A 2022 ta ci kusan talatin. Amma ƙara ƙuri'a inda ta riga ta yi ƙarfi ba zai kai ta ba. Ka sa ido a yammacin ƙasar, musamman Bretagne, da ƙananan garuruwan da ke kewaye da manyan birane. A cikin Faris kanta Macron ya samu kashi 85, nan ba wurin nema ba ne.

Ta fuskar rukuni, leburori kimanin biyu bisa uku ita suka zaɓa a 2022, amma 'yan shekara 70 zuwa sama kusan 7 cikin 10 Macron suka bi. Tsofaffi sun fi kowa fitowa zaɓe, suna da fansho da ajiya, suna tsoron duk abin da zai girgiza kuɗi. Duk binciken da ka samu, fara neman layin 'yan fansho. Maki biyar a wajensu ya fi maki goma a wajen matasan da ke bin Bardella a TikTok, waɗanda da yawansu ba sa zuwa rumfar zaɓe.

Tarko ɗaya a nan: a 2022 ta ci Guadeloupe, Martinique da Guyane da babban rinjaye, yankunan da akasarin mazaunansu baƙar fata ne. Wasu suka ce ai ta samu karɓuwa a can. Mako biyu kafin haka Mélenchon ne ya lashe su. Fushi da Macron ne ya yi magana, kuma Macron ba ya cikin takarar 2027.

Gane abin da ke jan mutane, da inda yake iya tsinkewa

Tun da ta karɓi jam'iyyar a 2011 take wanke sunanta. Ta kori mahaifinta a 2015, ta sauya sunan jam'iyyar daga Front National (FN) zuwa RN a 2018, ta jingine batun fita daga kuɗin yuro bayan muhawarar talabijin ta 2017, inda ta rikice a kan wannan batu a gaban miliyoyin masu kallo. A 2022 ta sa tsadar rayuwa a gaba, ta yi alƙawarin rage harajin man fetur, gas da lantarki daga kashi 20 zuwa 5.5. Ƙarin shekarun ritaya daga 62 zuwa 64 da gwamnati ta yi a 2023 ba tare da ƙuri'ar ƙarshe a majalisa ba ya ƙara mata kasuwa. Amma ginshiƙin bai sauya ba: fifita ɗan ƙasa a aiki, gidaje da tallafi, tsaurara shige da fice ta hanyar ƙuri'ar raba gardama, da kuma, a shirinta na 2022, hana sa hijabi a bainar jama'a. Ɗaliban Nijar, Chadi da Kamaru da ke karatu a Faransa, da iyalan da ke can, suna da dalilin karanta waɗannan sassa da idon basira.

Rauninta yana cikin haɗin gambizar magoya bayan. Na arewa suna son ritaya da wuri da gwamnati mai tallafi, na kudu da 'yan kasuwa suna son rage haraji da kashe kuɗi. Duk lokacin da jam'iyyar ta yi magana a kan fansho ko bashin ƙasa, tambayi kanka wane ɓangare ta faranta wa, wane ta ɓata wa. Haka batun Rasha: bashin kusan yuro miliyan 9 da jam'iyyar ta ci daga wani banki mai alaƙa da Rasha a 2014, da ganawarta da Vladimir Putin a 2017, abokan hamayya za su sake tono su. A lokacin zaɓen 'yan majalisa na 2024 kuma, tsoffin kalaman wariyar wasu 'yan takararta da batun hana masu takardar ƙasa biyu wasu muƙamai sun taimaka wajen farfaɗo da taron dangi cikin kwanaki.

Daren zagayen farko

Doka ta hana wallafa ƙuri'ar jin ra'ayi a jajibirin zaɓe da ranarsa har a rufe rumfuna, don haka alƙaluman da ke yawo a waya da rana ba abin dogaro ba ne. Hasashen farko yana fitowa ƙarfe 8 na dare agogon Faransa, wato ƙarfe 7 a Najeriya da Nijar idan cikin Afrilu ne. Fara duba yawan waɗanda suka fito, ka mayar da kaso zuwa adadin mutane, ka kwatanta da miliyan 8.1 na 2022 da miliyan 10.6 na 2024. Haɗa ƙuri'un RN da na sauran masu ra'ayi irin nata. A 2022 jimlar ta kai kusan kashi 32, kuma idan ta doshi 40 abokin takarar zai buƙaci kusan duk sauran su taru a bayansa. Sannan saurari jawaban waɗanda suka faɗi, kalma bayan kalma. Akwai bambanci tsakanin wanda ya ce a zaɓi wane da sunansa, da wanda ya ce kada a ba Le Pen ƙuri'a ko ɗaya kamar yadda Mélenchon ya yi a 2022, da wanda ya bar kowa da ra'ayinsa. Na farko ne kaɗai ke tura mutane rumfa. Sauran biyun suna ba su izinin zama a gida, sai ka ƙara adadin masu ƙauracewa a lissafinka kafin muhawarar talabijin da ake yi kwanaki kaɗan kafin zagaye na biyu.